Takin da Yayana Ya Raba wa Kowa

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Bulus, ɗan ƙasar Ikara, amma gadi nake yi a Fatakwal.

Lokacin da yayana Yohanna yake kansila, takin gwamnati ya iso gab da damina. Ubangidansa na siyasa ya ce masa, "Wanda bai zaɓe ka ba, kada ya ga ko mudu. In masararsa ta ƙi bana, baɗi zai shiga hankalinsa. Da tsoro ake riƙe kujera."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a coci an koya mini shugaba mai hidima ne, har ga wanda ya ƙi shi." Ya raba wa kowa.

Aka hana shi takara, ni ma aka kore ni daga aikin da nake yi a gida. Har yau ina jin haushinsa, amma ban iya cewa ya yi laifi ba.

Yanzu ubangidan nan nasa ya kira ni, wai in dawo ya tsayar da ni takarar kansila, muddin zan bi tsarinsa. Na gaji da zaman nesa, 'ya'yana suna girma babu ni. Masu sauraro, ku ba ni shawara. In na karɓa, da wane ido zan dubi Yaya?