Karfasa Talatin da Ɗaya a Yangoji

Baba: Salamu alaikum. Mashkura? Kina ji na?

Mashkura: Wa alaikumus salam. Baba! Yau kai ne da kira da rana tsaka? Ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen cikin gari?

Mashkura: Alhamdu lillahi. Ya zafi? Ya ƙafar taka?

Baba: Ƙafa da sauƙi. Zafi kam sai haƙuri. Ya ogan taku?

Mashkura: Tana lafiya, ta tafi taro Legas. Ni kaɗai ce a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, tun Litinin. Ya Yangoji? Ya su Leonard maƙwabcinka?

Baba: Duk lafiya. Kin ci abinci?

Mashkura: Na sha shayi. Baba, wai kana gonar kuwa? Ban ji ƙarar famfon ruwa ba.

Baba: Ina nan. Na kashe shi ne.

Mashkura: A wannan ranar? Kifin fa?

Baba: To... wanda zai sha ruwan ai babu.

Mashkura: Ban gane ba. Hello? Baba, matsa wajen bishiyar mangwaron, muryarka tana yankewa.

Baba: Na ce sun mutu. Ranar Talata. Ba wuta, janareto ya ƙi tashi, ruwan ya yi zafi kamar za a dama koko da shi. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Tafki huɗu.

Mashkura: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Talata? Yau fa Juma'a! Shi ne ba ka faɗa mini ba?

Baba: Na ga kina da aiki. Leonard ya taya ni haƙa rami, muka rufe su saboda wari.

Mashkura: Duka? Ko ɗaya bai tsira ba?

Baba: Akwai 'yan tsiraru a ƙaramin tafkin nan na bayan ɗaki. Karfasa talatin da ɗaya. Na ce wa Monica mai banda ta zo da yamma ta kwashe. Ni kuma jibi zan tafi Yawuri wajen baffanki. Na gaji, Mashkura.

Mashkura: Tsaya, tsaya. Na bayan ɗaki? Wanda rufinsa ya yage tun bara, rana ke dukansa kullum?

Baba: Shi. Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Waɗanda na yi wa rumfa, na lallaɓa, su suka fara tafiya.

Mashkura: Baba, don girman Allah kada ka bari a yi bandar kifin nan. Shekara biyu ina neman irinsu.

Baba: Karfasa? Ta cika kasuwar Kwali.

Mashkura: Ba wannan ba. Aikina ke nan, na sha gaya maka. Ƙwayoyin gado.

Baba: Gadon wa? Ai ban mutu ba tukuna.

Mashkura: Kai Baba! Ƙwayoyin gado na jikin kifi.

Baba: Ƙwaya kuma? Yanzu har kifi ma sha yake yi?

Mashkura: Saurare ni mana. Kowane kifi yana da wasu ƙananan abubuwa a jikinsa da ya gado daga iyayensa, ido ba ya ganinsu. Su ke ba jiki umarni. Ba duka ke aiki a lokaci ɗaya ba, wasu suna kwance ne. Idan ruwa ya yi zafi sai wasu su farka, su sa jiki ya haɗa wani sinadari da ke riƙe naman kifin kada ya lalace daga ciki.

Baba: To me ya hana na sauran farkawa?

Mashkura: Wataƙila sun farka, amma a makare. Wanda ya saba shan zafi kaɗan-kaɗan kullum, nasa kan tashi da wuri, kuma da ƙarfi. Na cikin inuwa zafin ya zo musu ne gaba ɗaya.

Baba: Kamar mai noma da ɗan ofis a rana guda.

Mashkura: Kusan haka. Amma ban ce tabbas ba. Zai yiwu don ba su da yawa a tafkin ne, iska ta ishe su. Sai na gwada. Ina buƙatar ɗan jan naman nan na cikin kunne da suke numfashi da shi, da ɗan hanta, daga guda biyar ko shida, in jefa cikin sanyi nan take. In wuta ta taɓa su, shi ke nan, ba abin da zan gani.

Baba: Sauran fa?

Mashkura: A bar su su hayayyafa. In 'ya'yansu ma sun jure, to ka ga an samu iri. Masu tafki nawa ne suka yi asara bana daga Kwali zuwa Abaji?

Baba: Da yawa. To ki turo direban ofis ya ɗauka.

Mashkura: A'a, ni zan zo da kaina. Ranar Asabar ta sama...

Baba: Haka kika ce da ƙaramar salla.

Mashkura: Baba...

Baba: Ba faɗa nake yi ba. Daga inda kike zuwa nan awa ɗaya da rabi ne, ko da go-silo. Wata bakwai. Tun sadakar arba'in ɗin uwarki ban sa ki a ido ba. Yanzu na ji kifi zai kawo ki. To Allah ya yi wa kifi albarka.

Mashkura: Kada ka ce haka.

Baba: Hello? Layin ne?

Mashkura: Ba layin ba ne. Sau biyu ina tasowa. Ranar nan har Gwagwalada na kai, na sauka daga mota na tsallaka titi na koma. Ba zan iya shiga gidan nan in ga takalmanta a bakin ƙofa ba.

Baba: Ni kullum ina tsallake su. Na kasa ɗaukewa.

Mashkura: Ka san a nan sai in wuni ban yi magana da kowa ba? Daga ni sai kifaye cikin gilashi. Ina ƙara musu zafin ruwa, ina rubutawa. In koma ɗaki in kunna rediyo don dai in ji murya.

Baba: Ni da safe in na watsa musu abinci nakan yi musu sallama. Tun Talata ban san wa zan yi wa ba. Waɗannan ɗin kunyarsu nake ji.

Mashkura: Sun ci abinci yau?

Baba: Ban ba su ba. Na ce mai tafiya banda me zai yi da abinci.

Mashkura: Gara haka, kada ka ba su da zafin nan. Ka ƙara musu ruwan rijiya kaɗan-kaɗan, kada ka juye da yawa, sanyi farat ɗaya ma kisa yake yi.

Baba: Ni za ki koya wa... Tsaya. Ana buga ƙofa. Ga Monica nan da bahonta, ta yi sammakon yamma. Me zan ce mata?

Mashkura: Ka ba ta haƙuri. Ka ce mai kifin tana hanya.

Baba: Asabar ɗin?

Mashkura: Yanzu. Bari in ɗauki akwatin ƙanƙara in kulle lab. In na samu mota a tashar Eriya Wan, kafin magariba ina nan.

Baba: Za ki kwana?

Mashkura: Zan kwana. Maganar Yawuri kuma sai na zo.

Baba: To. To. Madam Monica, ina zuwa! Mashkura, bari in ɗora shinkafa. Sai dai 'yar ƙaramar tukunya nake dafawa a ciki, ba za ta ishe mu ba. Babbar nan ban san inda uwarki ta ajiye ta ba, na duba ko'ina.

Mashkura: Tana saman kabad, cikin buhun da ta...

Baba: Ina? Ɗaga murya, matar kamfanin wayar nan tana cewa katina saura minti ɗ...

Mashkura: Saman kabad, Baba! Bayan fitila! Baba? Hello? Baba?