Tabon Goro a Rigar Baba

A tashar Maigatari, Yahuza na jiran motar Gumel ta cika, rungume da babbar riga da kwalbar bilic. Wata tsohuwa mai sayar da gishiri ta dube shi.

"Ɗan nan, wanki za ka yi?"

"Rigar marigayi Babana ce, Iya. Ita zan sa ranar ɗaurin aurena, sai dai akwai tabo a ƙirjinta." Ya ɗaga kwalbar. "Kin san da gishirin nan naki ake yin wannan? A narka shi a ruwa, a sa masa lantarki, sai ya mai da tufa fari fat kamar daren sha huɗu."

"Ni dai nawa miya yake gyarawa. Naka kuwa zai cinye zaren aikin nan, ya tafi da ƙamshin mai rigar. Tabon mene ne?"

Yahuza ya shafa wurin a hankali. "Goro. In yana dariya, mantawa yake yana tauna."

"Shi ne za ka goge?"

Ya cusa hancinsa cikin wuyan rigar.

"Haba ango, bar shi ya je ɗaurin auren ɗansa mana."