Sauke Mini Kandaru

Tashar Filinge, safiyar Lahadi. An ɗora wani jan bijimi a bayan motar kasuwar Baleyara. Mai shi, wani makiyayi, yana zaune a benci kusa da wata mata mai kwandon kuka.

"Malam, bijimi kamar wanga za ka saida? Ko ciwo gare shi?"

"Lahiyatai lau. Sunanai ne na gaji da ji. Kandaru."

"Kandaru na wasan tele? Mai yaƙi da dodanni?"

"Shi hwa. Tun daga ruga nike takowa gari don in gane shi. Ke duba, baiwar Allah: mutum ya kashe macijin wuta, ya ƙetare tekun aljannu, sannan a ce ya mutu don ya sha ruwan rijiyar da maƙiyinai ya nuna mai? Ko maraƙi sai ya shinshina ruwa kahin shi sha!"

"Dodo mai kai bakwai bai dame ka ba, sai rijiya?"

"Dodo ai ƙarya ce mai tsari. Wanga ko lalaci ne. Masu rubutun sun gaji da shi, suka yar. Kullum na kira bijimin sai raina shi ɓaci."

"Ashe ba ka kalli na jiya ba. Ya tashi."

"Ya tashi? Da mi?"

"Wata tsuntsuwa ta yi mai kuka a kunne."

"Tsuntsuwa? Daga ina? Ba a taɓa nuna ta ba! Wanga shirme ya hi na hwarko. Wallahi sun raina mu."

Motar ta fara tafiya, sai ya zabura.

"Direba! Tsaya! Sauke mini Kandaru!"