Don Allah Ku Daina Rage Mini Hanya

Mai girma shugaban taro, mai unguwarmu na Yantala, liman da na'ibinsa, iyayenmu mata, ƴan fadar shayi da na hango can baya kuna hura gawayi, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama. Ni ne Alhaji Ƙasimu mai atamfa, kuma ƙara na kawo yau, ƙararku ku duka.

Wata uku ke nan lokotoro, likitana, ya ce jijiyoyin jinina sun fara taurara kamar tsohon tiyon ruwa. Ya ce in rage gishiri da kitse, in bar taba, in sha magani kullum, in riƙa auna tansiyo, wato hawan jini, sannan in yi tafiyar ƙasa ta rabin awa kowace safiya. Huɗun farko matata Hajiya Indo ta tsaya a kansu da idon soja. Na biyar ɗin, ku kuka hana.

Ranar da na fara, ban kai kwanar masallaci ba Mumuni ɗan maƙwabcina ya taka birkin motonsa, babur ɗin nan nasa. "Baba, motar ce ta lalace? Hau." Na ce lokotoro ne ya sa ni. Ya ce, "To hau in kai ka wurinsa." Na hau, don ban iya kunyata mutum a titi ba.

Da na koyi ƙin hawa, labari ya kai kasuwar Lazaret wai na karye. Mutum uku suka zo jaje, kowanne da ƙunshin tsire mai kitse. Na ci, don ban iya mayar da alheri ba.

Jiya kuwa Mumunin nan ya bi ni da moto har Gaweye, yana roƙo kada a ce ba shi da tarbiyya.

Kuna dariya, amma ni tsoro nake ji. Ciwon nan ne ya ɗauke yayana Lawali. Jikata Latifa ta fara koyon tafiya. Ita ana mata tafi, ni ana mini birki. Ina son in kai ranar da zan raka ta lakwal, makarantar boko, da ƙafata.

Allah ya ba mu lafiya, ya ja kwanan iyayenmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni dai a ƙasa zan koma. Mumuni, na ga ka ciro makulli, mayar da shi aljihu.

Na gode.