Zarton Mutala Yana Komawa Baya

ANISATU: Salamu alaikum. Masta Zainudeen ne?

ZAINUDEEN: Wa alaikumus salam. A'a, Maman Nazif! Ina mutanen Bawku?

ANISATU: Lafiya lau. Ina Yendi? Ina su Shamima?

ZAINUDEEN: Duk lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan abokina Mutala.

ANISATU: Amin, na gode.

ZAINUDEEN: Motar ta iso?

ANISATU: Wace mota? Ta Salaga? Sai gobe.

ZAINUDEEN: Ba ta hawa ba, motar injin zarto da na sake wa naɗin koyil!

ANISATU: Oho! Ta iso jiya, mun ɗaura. Amma Masta, zarton baya yake juyawa. Kafinta ya sa katako, ya tofo masa shi a ƙirji. Ya ajiye aiki, wai marigayi mai shago ne bai yarda mace ta riƙe wurin ba.

ZAINUDEEN: Subhanallah! Mamaci ina ruwansa da lantarki?

ANISATU: Ni ma tsoro ya kama ni, wallahi. Ga ƙannen mijin nawa suna zuwa gobe daga Salaga. Sun ce in injin bai tashi ba, a sayar wa masu kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, a rufe shago. Injin da ya sayar da filinsa ya saya.

ZAINUDEEN: Ba mai taɓa shi. Kina shagon?

ANISATU: Ga ni gabansa.

ZAINUDEEN: Sauke babban suwic tukuna, kada ki taɓa komai da wuta. Kin sauke? To, buɗe akwatin da ke jikin motar, ki cire waya...

ANISATU: In kashe waya?

ZAINUDEEN: Kar ki kashe! Wayar wuta nake nufi. Helo?

ANISATU: Ina ji, layin ne ba kyau koraa, ko kaɗan. Ga su uku, ja, rawaya, shuɗi. Yadda ka rubuta a takarda muka haɗa, ja kan ja.

ZAINUDEEN: Ja kan... Kai! Laifina ne. Duba wayoyin da suka fito daga bango, akwai zare a jiki?

ANISATU: Akwai baƙin zare a jikin rawayar. Ƙulli biyu.

ZAINUDEEN: Mutala ke nan! Ranar da ya ja wutar shagon, jar waya ta ƙare masa, ya ƙarasa da ragowar da ya samu, kala duk ta rikice. Na ce ya gyara, ya ce zare ya ishe shi. Shekara tara, na manta sam. Mai zaren ita ce ja. Musanya su biyun.

ANISATU: Tsaya, sukundireban yana zamewa... Wannan zaren kitsona ne fa. Na neme shi har na zargi Nazif.

ZAINUDEEN: Ɗaure da ƙarfi, ki rufe akwatin. Matsa gefe kafin ki kunna.

ANISATU: Bismillah... Masta! Ya daina komawa baya, gabana haƙoran suke zuwa!

ZAINUDEEN: Kawo wayar kusa in ji. Yawwa, kukansa ke nan. Lafiya lau yake.

ANISATU: Wata biyar ban ji ƙararsa daidai haka ba. Da ita nake sanin Baban Nazif ya iso shago lafiya.

ZAINUDEEN: Maman Nazif, kuka kike?

ANISATU: Garin katako ne ya shiga ido. Masta, in cire zaren?

ZAINUDEEN: Bar shi inda ya ɗaure. Gobe in sun zo, ki...

ANISATU: Su zo, a kunne za su sami injin. Sai anjima, zan je in kira kafinta.