A Ina Direba Zai Sauke Tambaya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malamai, wakilan Tsafe da Bunguɗu, 'yan'uwana mata da ke can baya, assalamu alaikum. Sunana Uwa, mai karantar da matan aure a Sabon Gari. Ina godiya da aka ba ni dama. Muryata ba ta da ƙarfi, a yi haƙuri da ni.

Na ji shawarar kwamiti, cewa ranar Asabar za a kwashe mabaratan Gusau a mota, a mayar da kowa gidansa. Abu biyu zan faɗa, duka a kan mace guda mai suna Tambaya.

Na farko, an ce ba sa son aiki. Tambaya mutuniyar Bilbis ce, tana zuwa karatu wurina. Mijinta ya rasu, magada suka sayar da gidan, yau wata bakwai tana kwana a rumfar masu tumatir. Na gan ta da idona tana tsince tsakuwa daga wake tun hantsi har la'asar, bayanta ya ƙage, ladan bai kai na tuwo biyu ba. Ranar Juma'a kuwa, zaman bara na sa'a ɗaya a ƙofar masallaci ya ciyar da ita kwana uku. Duk da haka ranar Asabar ta koma kan waken.

Na biyu ya fi mini nauyi. Wata Hajiya, matar ma'aikaci, tana neman mai wanke-wanke, na kai mata Tambaya. Hajiya ta ce, "Malama, ina take kwana?" Na ce ban taɓa ganin ta ɗauki na wani ba, amma gida, ba ta da shi. Ta ce, "To, in cokali ya ɓace, ina zan aika?" Muka je wurin mai unguwa neman takardar shaida, ya ce ba ya rubuta wa wanda ba ya kwana a unguwarsa. Shi ma bai yi ƙarya ba.

Da muka fito Tambaya ta ce mini, "Malama, mi za ya rage ki in kin ce gidanki nika kwana?" Na ce ba zan shaidi abin da ba haka yake ba. Ta ce, "To ki mai da shi gaskiya mana." Na tambayi maigidana, ya ce ɗakinmu ɗaya. Ban sake tayar da maganar ba, ita ma ba ta sake zuwa karatu ba.

Babu aiki sai da gida, babu gida sai da aiki, kowannenmu kuma ya faɗi gaskiya ya koma ya rufe ƙofarsa. Ban zo da mafita ba, ranka ya daɗe, ni ma cikin masu rufewar nake. Roƙona kawai, kafin a zuba wa motar mai, wani a cikinmu ya gaya wa direba ƙofar da zai sauke Tambaya.

Allah Ya yafe mana abin da muka gani muka wuce. Allah Ya suturta marasa sutura, Ya mayar da ku gidajenku lafiya, ku da kuke da su. Na gode.