Gwiwar da Alƙali Bai Gani Ba

A rumfar mai shayi ta tashar Konni, tele na nuna wasan tanis. Wani dattijo da wani direban motar siminti suna zaune benci guda.

"Malam direba, mi ya faru 'yan kallo ke ta tafi?"

"Alƙali ya ce ƙwallo ta fita, Baba. Shi ko wanda aka ba makin ya ce a'a, ta taɓa layi, a ba abokin karawarsa."

"Madalla da shi."

"Wauta dai! Ina yaro na ga irinta a kokawar Tajaye. Ɗan kokawarmu na Malbaza gwiwarsa ta taɓa ƙasa, alƙali bai gani ba. Shi da kansa ya ɗaga hannun wancan. Muna kallo aka ja ragon kyauta aka tafi! Muka raka ɗan kokawar namu da jifa har bakin mota."

"Da ɓawon rake."

"Ashe kana wurin! To, ka tuna, gwiwar dama ce, kuma ƙiris ta taɓa."

Dattijo ya kurɓi shayi yana murmushi, ya shafa ƙafarsa.

"Ta hagu ce, ɗana. Alƙali bai gani ba, amma ni na ji ƙasa."